Mai Tallar Bhamora a Tashar Pauri

A tashar motar garin Pauri wata tsohuwa tana tsugune gaban kwandon jajayen 'ya'yan itacen bhamora. Beyar ya taɓa yage mata rabin fuska, kowa ya gani ya sani. Ido ɗaya ya tafi, leɓen ya ɗinku a karkace. Ba ta rufewa da mayafi. A gefenta akwai damin ganyen itacen khagsi, da alama saniya na jiranta a gida, wataƙila ita kaɗai.

Wani direba ya ɗauki ɗan bhamora ɗaya yana tsotsa.

"Inna, waɗannan itatuwan biyu ba ɗaya ba ne?"

"Dangi ne," in ji ta. "Khagsi ganyensa faɗi, 'ya'yansa baƙaƙe ƙanana, sai tsuntsu ke kula su. Bhamora zaƙi gare shi, shi ya sa yake da mai gadi. Ran nan ganyen khagsi na je yanka, hazo ya kai ni gindin ɗan'uwan, ashe beyar mai gadin yana sama."

"Kuma har yanzu kina zuwa?"

Ta gyara 'ya'yan, tana tura ruɓaɓɓun zuwa ƙasan kwandon.

"Da sassafe nake zuwa, yaro. Idan na makara, ya cinye."