Ranar da Yaya Idi Ya Hana Dogo Mutuwa

Watan nan na Rajab ya cika shekara tara da rasuwar yayana Idi, wanda duk unguwarmu ta Karantina ta sani da Idi Mai Fassara. Ba wanda ya tare ni ya ce ya tuna, ban kuma sa ran haka ba. Mutanen Jidda yanzu farashin fili suke tunawa da shi. Ni ma ba marubuci ba ne, ban gama makaranta ba aka kai ni mina, tashar jiragen ruwa, ɗaukar buhu. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara a ransa ya wuce.

Ga yaran da ba su sani ba: a wancan lokaci silima a nan ba gini ba ce. Haush ne, fili mai katanga, a shafa wa bango ɗaya farar ƙasa, a jera benci da tabarmi, a idar da isha'i a kunna makinar haska fim. Namu na Mu'allim Sa'id ne, wani Bahadrame, Balaraben kudu, mai kantin kayan gini, wanda ba ya jin Hausa ko ta sannu. Fim ɗin Masar kowa na ji. Na Amurka ne matsalar, waɗanda yake hayowa daga ma'aikatan jiragen ruwa da gidajen kamfanin Turawa. Shi ya sa ya ɗauki Yaya, wanda ya tsinci Turanci a kicin ɗin wani Ba'amurke, ya zaunar da shi kan kujera a gefen bango yana faɗa mana abin da ake ciki.

A cikin 'yan wasan Amurka akwai guda da ya fi kowa cika haush. Sunansa na gaskiya bai taɓa zama a bakinmu ba. Dogo Ba-Gaggawa muke ce masa, don ko gari na ci da wuta sai ya gyara hularsa tukuna. Ba ya yawan magana, kuma hakan ya yi wa Yaya daɗi, don shi yake cika shirun. Dogo zai kalli mugu kawai, Yaya ya ce, "Ya ce masa, ɗan'uwa, ka sha shayinka ka bar garin nan, ni ba na son wanke riga." Haush ya kece da dariya.

Fina-finan ba a jere suke zuwa mana ba, duk wanda Mu'allim ya samu da araha shi ne. Wannan mako mu ga Dogo da furfura da tumbi, mako mai zuwa ga shi siriri, yaro sabon gemu yana riƙe wa wani linzami. Yaya ne ya zauna ya jera mana rayuwar mutumin daga fuskarsa. Ya ce nan yana farawa ne, dubi ko kusa da kyamara ba a barinsa. Nan ya samu suna, dubi dokin da aka ba shi. Nan kuma gwiwa ta fara ciwo, ba a ƙara nuna shi yana hawa doki ba, sai dai a gan shi a kai. In jirgin Amurka ya tsaya a mina, Yaya zai bi matuƙa da tambaya. Wani ya ce masa Dogo ɗan manoma ne, da ɗaukar kaya ya fara a wurin shirya fim. Ko gaskiya ne ban sani ba, amma Yaya ya riƙe ta. "Hammali ne irinku," yake ce mana, "ku daina sunkuyar da kai."

Sai ciwon ido ya zo. Da dundumi ya fara. Da rana yana lallaɓawa, rana na faɗuwa sai hazo, daga baya bangon fim ma ya zama masa farin haske kawai da inuwa na motsi. Idon garau, ba wanda zai gane. Ni da matarsa Hauwa kaɗai muka sani.

Ga abin da ya sa muka ɓoye. Mu a nan aka haife mu, amma babanmu da ya zo hajji da ƙafa ya zauna, bai damu da takardar zama ɗan ƙasa ba, ya ce ƙasar Allah ce. Allah ya jiƙansa, ya bar mu da iƙama, takardar zaman baƙi. Mu'allim Sa'id shi ne kafilin Yaya, wanda ya tsaya masa a iƙama, a takarda Yaya mai gadin kantinsa ne. Makaho ba ya gadi, ba ya kuma fassara fim. In Mu'allim ya janye hannu, tarhil ne, a sa mutum a jirgi da mata da 'ya'ya a kai shi ƙasar da bai taɓa gani ba, ga shi ba ido.

Yaya ya daɗe yana aikin da kunne kawai. Ya san Dogo kamar yadda mutum ya san tarin maƙwabcinsa. Ya ji takun takalmi ya san an shiga mashaya, ya ji kiɗa ya sauya ya san mugu ya iso. Kuma Dogo mutum ɗaya ne a kowane fim: a wulaƙanta shi, ya yi haƙuri, a ƙarshe ya gyara hula ya gama da kowa.

Har Mu'allim ya samo wani sabo, wanda Dogo ya yi bayan ya tsufa sosai. Haush ya cika har kan katanga. Ina zaune a benci na biyu. An zo ƙarshe, Dogo da mugu sun tsaya a titi suna kallon juna, ba mai magana. Aka ji harbi ɗaya. Yaya ya miƙe tsaye kamar yadda ya saba, ya ɗaga murya: "Halas! Dogo ya gama da shi! Ga shi can ya mai da bindiga, ya ce a kira mai wankan gawa!"

A bango kuwa Dogo ne kwance cikin ƙura, hularsa na mirginawa.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Kowa ya kalli bango, ya kalli Yaya, wanda ke tsaye yana murmushi fuskarsa ba ta ma daidai da bangon ba. Duk wanda ke wurin ya gane a lokaci guda. Mu'allim yana baya kusa da makina, ya ɗago kai yana neman dalilin shirun.

Akwai wani Bukar, hammali abokin aikina, wanda ba shi da sana'a a haush sai tsokanar Yaya. Kullum shi ne mai cewa, "Idi, ƙarya kake, Baturen kalma biyu ya faɗa, kai ka yi huɗuba!" Na ga ya miƙe, na ce shi ke nan, mun shiga uku. Sai ya buga tafi ya kurma ihu: "Dogo! Dogo ikon Allah! Ai na faɗa muku!" Benci na gaba ya ɗauka, sai na baya, sai na kan katanga. Haush guda na tafi da fito, a bango ana ɗaukar gawar Dogo.

Da aka tashi Mu'allim ya tare Bukar da Larabci. "Ya shekh, ku wane irin mutane ne? Jarumi ya mutu kuna tafi?"

"Al'adarmu ce, ya Mu'allim," in ji Bukar, ko ƙiftawa bai yi ba. "In tsoho ya huta murna muke yi. Kai ma in ka mutu za mu yi maka."

A hanyar gida Yaya na riƙe da kafaɗata. Sai da muka wuce mai tsire ya ce, "Sale, ya mutu ko?"

"Ya mutu, Yaya."

"Kiɗan ya gaya mini, amma bakina ya riga ya tafi." Ya gyara riƙon kafaɗata. "Tun farkon fim nake jin numfashinsa ba daidai ba. Ashe masu fim sun gaji da shi." Can kuma ya yi dariya. "Wai Bukar! Ɗan banzan nan!"

Daga ranar Yaya ya samu idanu fiye da na kowa. Ba a yi taro ba, ba a yi shawara ba. Benci na gaba kawai ya koyi surutu. "Kai, ga su nan su uku ta bayan dutse!" "Wayyo, yarinyar ta ɗauko bindiga!" Kamar ihun 'yan kallo, alhali labari ake miƙa masa, shi kuma ya ɗauka ya sa masa gishiri. Haka ya yi aikinsa har zazzaɓin da ya ɗauke shi. A nan ya mutu, a ɗakinsa, da iƙamarsa a aljihu, a nan muka rufe shi. Wannan kaɗai ya ishe ni godiya.

Ranar ta'aziyya Mu'allim ya zo, ya riƙe hannuna ya ce ya daɗe da sani. Wai in fim ya tsinke farin haske ya buge bango kowa na kare ido, sai Idi kaɗai. Na tambaye shi me ya sa bai yi magana ba, ya ce haush na cika, me zai ce? Ko tausayi ne ko ciniki, shi da Allahnsa. Na karɓi gaisuwar.

Yau in Yaya ya dawo, ban san me zai ce ba. An gina dogon bene a inda haush yake. Kowane gida da talabijin, kowa ya rufe ƙofa yana kallo shi kaɗai, da rubutun Larabci a ƙasa. 'Ya'yansa ma in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Ina jin da zai zauna gaban akwatin nan ya saurara kaɗan, ya ce, to wa zai yi wa wani ihu a nan? Shi Dogon na gaske ban san ko yana raye ba. Na tabbata dai bai taɓa jin sunan Karantina ba, balle ya san an taɓa ceton ransa a cikinta.

Yaya bai bar fili ba, bai bar kanti ba. Amma har yau a lungunmu in yaro na tafiya a sanyaye sai uwarsa ta ce, "Yalla, Ba-Gaggawa!" ba ta ma san daga ina sunan ya fito ba. Kwanan baya kuma aka nuna fim ɗin nan a talabijin. Washegari a wurin mai shayi wani saurayi ɗan jami'a yana ba da labari, ya ce abin tausayi, jarumin ya mutu a ƙarshe. Bukar na gefe, ya tsufa, baya ya lanƙwashe. Ya ajiye kofinsa.

"Yaro," ya ce, "naku ne ya mutu. Mu muna wurin."

Dattawan da ke kan bencin duk suka gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.