Ba a Ƙwanƙwasa wa Yaya Ranar Asabar

Na Allah muke dukanmu, kuma wurinsa za mu koma, da wanda ya gama aikinsa da wanda bai gama ba. Ranar Asabar, goma sha huɗu ga watan Satumba, Allah Ya karɓi ran yayana, malamin lissafi, yana da shekara hamsin da ɗaya. Ya rasu a ɗakin aikinsa na katako da ke bayan gida, ƙofa a rufe da sakata ta ciki. Ba wanda ya san ƙarfe nawa ne daidai. An dai ɓalle ƙofar da sha biyu da kwata na rana, aka same shi kwance tsakanin teburin aiki da bango, garin katako duk ya manne masa a kumatu.

Yaya, yau kwana goma sha shida. Ni ce autarku. An ce in rubuta ta'aziyya tunda ni ce mai ɗan rubuce-rubuce a gidan, kuma na san irin wadda ake jira. Ba ita zan rubuta ba. Haushinka nake ji, na kuma gaji da ɓoye shi a cikin mayafi. A asibiti likita ya ce jijiya ce ta fashe maka a kai, ya ce da alama ka daɗe a kwance kafin rai ya fita, da an kawo ka da wuri ƙila da an yi wani abu. Gwaggo, ƙanwar Baba, na tsaye a wurin ya faɗi haka. Tun daga ranar take bi gida-gida tana cewa matarka ta ji faɗuwarka ta ci gaba da harkokinta. Babbar 'yarka, mai shekara goma sha tara, ta fara yarda. Kwana shida ke nan ba ta ci abincin uwarta ba, ta kuma haɗa kayanta, wai za ta koma gidan Gwaggo.

Kafin in shiga wannan, bari in ba ka haƙƙinka, don ba na so a ce na ci amanar mamaci. Kai ka koya mini karatu a kan murfin tukunya da gawayi. Da Baba ya rasu kana ɗan shekara ashirin da biyu, kai ka zama uba, ba ka taɓa yi mana gori ba ko da wasa. Ranar jarrabawata ta fita sakandare ka raka ni har bakin ƙofa, ka tsaya cikin rana awa uku, da na fito ba ka tambaye ni yadda ta kasance ba, sai ka ce, "Kin karya kuwa?" Lokacin da gwiwoyin Inna suka ƙi, ka durƙusa a gabanta ka auna tsawon ƙaurinta da zare, ka yi mata kujera mai hannuwa dogaye yadda za ta dafa ta miƙe ba sai ta kira kowa ba. Inna ta zauna a kai ta yi kuka. Gadon da 'yata ta fari ta kwanta a ciki kai ka sassaƙa shi, har yau ko ƙara ba ya yi. Ɗalibanka kuwa sun zo gaisuwa da furfurarsu, wani yana cewa don kai ya daina tsoron lissafi. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Amma kai ne kuma mai dokar Asabar. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ka ce ka gano inda rayuwar mutane take zurarewa. Litinin zuwa Juma'a na makaranta ne, ka ce, Asabar da safiyar Lahadi kuwa idan mutum bai tsare su ba, jama'a za su yagalgala su ya wayi gari ya tsufa bai yi komai nasa ba. Sai ka tsara. Ranar Juma'a da yamma ka jera zarto da guduma da sanfefa a kan tebur, ka rubuta abu uku a kati, ba huɗu ba, ba biyu ba. Asabar shida da rabi ka kashe waya ka jefa ta durowar kicin, ka shiga ka sa sakata, sai sha biyu. Ba ka barin aiki a ƙarshensa, sai a tsakiya, wai don mako mai zuwa hannu ya san inda zai kama. Da wannan tsari ka yi digiri na biyu ta karatun nesa, ka koyi kafinta tun daga riƙon ƙusa, ka cika gidajenmu da kantoci. A dangi har laƙabi muka sa maka, muna ce maka Ba Shiga, kana jin daɗin sunan.

Abin da masu yabonka ba su sani ba shi ne wanda ya riƙa biyan wahalar wannan tsarin. Anti ce, matarka. Sau ɗaya tak ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar nan, shekara takwas da suka wuce, ranar da bututun ruwa ya fashe falo ya zama tafki. Ka fito, ka rufe kan famfo, ka koma ka mai da sakata. Daga nan ka yi gaba da ita kwana tara cur. Tana gaishe ka kana amsa wa bango. Ka kuma soke ziyarar iyayenta ta ranar Lahadi, wai za ka rama minti arba'in da aka ci maka. Da ka huce, maimakon ka ba ta haƙuri, sai ka zauna ka rubuta takarda da kyakkyawan rubutunka na malamai, ka manna a jikin ƙofar kicin. Idan ruwa ya fashe, ga inda kan famfo yake. Idan wuta ta yi tartsatsi, ga abin da za a kashe. Idan baƙo ya zo, a ba shi ruwa a ce ya dawo da yamma. Idan yarinya ta yi zazzaɓi, ga lambar maƙwabci mai mota. Layi goma sha huɗu, na ƙirga su jiya, don takardar tana nan. Babu layin da ya ce ga abin da za a yi idan kai ne ka faɗi.

Ita kuma 'yar taka da yanzu take ganin ba wanda ya kai ka, ko ta manta ranar da ta zo ta ɗaya a lissafi a makarantarsu? Lissafi fa, Yaya, fanninka. An sa bikin ba da kyauta ranar Asabar ƙarfe goma. Ta roƙe ka tun Laraba. Ka ce in ka karya doka sau ɗaya don abin farin ciki, gobe za a kawo maka wani. Ni da Anti muka je muka yi ta tafi har tafukanmu suka yi ja, don kada ta lura da kujerar da babu kowa a kai. Ta lura mana. Bayan mako biyu ka kafa mata 'yar kanta a ɗakinta, an goge ta sumul, don ajiye kofin da ta ciyo. Kanta mai kyau, ban musa ba.

Aikinka na ƙarshe ma abin dariya ne in da da halin dariya. Babban teburin cin abinci da kujeru goma sha biyu, wai in ka gama duk dangi za mu riƙa haɗuwa muna ci tare. Shekara biyu kana kansa. Ka gama goma. Mu da za mu zauna a kansu muna nan a tsakar gida duk tsawon lokacin, muna magana ƙasa-ƙasa kada mu dame ka.

Shi ya sa da shugaban makarantarku ya miƙe a wurin gaisuwa, ya gyara babbar riga, ya ce matasa su yi koyi da kai wajen amfani da ƙarshen mako, ya ce ka rasu a bakin aikinka kamar yadda kowane jarumi yake fata, na ji kamar in jefe shi da buta. Wane jarumi? Mutum ya yi awa uku a ƙasa, taku goma tsakaninsa da iyalinsa, ba ya iya kira, su kuma ba su isa su taɓa ƙofa ba. Su ma abokanka da suke ta ɗaukar hoton katin nan na abu uku suna tura wa juna, ina roƙonsu su bari. Wanda yake son koyi da kai ya koyi yadda ka auna ƙaurin Inna, ya bar sakatar inda ya gan ta.

Ke kuma Gwaggo, ina girmama ki, ƙanwar mahaifinmu ce ke, amma ki ji. Ba ke ce kika zo wata Asabar daga nesa, da ciwon baya, aka ba ki ruwa aka ce ki dawo da yamma ba? Kika koma kina yabonsa, kina cewa ɗan ɗan'uwanki ba ya wasa da lokaci. Ranar ba ki ce a ƙwanƙwasa ba. Duk dangin nan ba wanda ya taɓa ce masa, "Wannan abin ya yi yawa." Muna tsoron fuskarsa, muna kuma son kantocinsa. Yau da abin ya juye sai aka nemi wadda ba jininmu ba aka ɗora mata. Har a gaban 'ya'yanta kika ce, "Mace mai son mijinta ko bango ne ai sai ta fasa." Anti ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba, kika ɗauka shirun nata amsa laifi ne.

To ba shi ba ne. Ga abin da take rufewa, kuma don shi na karɓi rubutun nan.

Ranar Asabar ɗin na je gidan wajen ƙarfe tara, zan mayar da keken ɗinkin da na ara. Ina shiga na tarar da Anti tsaye a tsakar gida, hannunta jiƙe da ruwan wanki, tana kallon ƙofar ɗakin aiki. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce, "Auta, na ji wani abu ya faɗi ɗazu, kuma tun daga nan ban ƙara jin zarto ba. Hankalina bai kwanta ba. Bari in ƙwanƙwasa." Ta yi taku biyu. Ni na riƙo zanenta. Na yi dariya, na ce, "Haba Anti, kamar ba ki san mijinki ba? Katako ne ya faɗi, yanzu haka gam yake shafawa. Kada ki jawo wa kanki." Ta ce, "Anya kuwa?" Na ce, "Zo mu sha shayi." Na ja ta falo. Sau biyu tana miƙewa ina zaunar da ita, ina ba ta labarin wata maƙwabciyata don in ɗauke mata hankali. Sai da sha biyu ta wuce ba mu ji ƙarar sakata ba, sannan ta fizge ta ruga ta kira makanikin da ke bakin layi ya zo da ƙarfe.

A hanyar asibiti ta matse hannuna ta ce kada in faɗa wa kowa, wai ita ce matar gida, ita ya kamata ta yi abin da zuciyarta ta ce mata. Ni kuma na yi mata alkawari, na yi shiru saboda tsoro, kwana goma sha shida, ina zaune kusa da Gwaggo ana yankan Anti a gabana ina miƙa wa baƙi ruwa. Na san ajali ba ya jira, na san ko an buɗe ƙarfe tara abin da Allah Ya rubuta ba ya tashi. Amma in dai sai an sami wanda za a nuna da yatsa, to ga mu mu biyu, Yaya. Kai ka koya mana tsoron ƙofar, ni na hana a taɓa ta. Matarka ita kaɗai ce a gidan nan ta yi niyyar karya dokarka don ta cece ka.

Ya Allah Ka jiƙan yayana. Ka gafarta masa taurin kansa, Ka karɓi karatun da ya koyar da alherin da ya yi da hannunsa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya wahalar waɗancan sa'o'in ta zama kankarar zunubi. Ni ma Ka yafe mini, Ka cire mini wannan haushin, don ya yi mini nauyi. Ina miƙa ta'aziyya ga yayyena, da Gwaggo, da ɗalibansa, da abokan aikinsa. Anti, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki, ki yafe mini na karya alkawari. Gwaggo, kin san gidana, ina nan kullum, abin da ya rage a bakinki ki kawo mini shi can.

Ke kuma 'yar yayana, Allah Ya ba ki dangana. In har sai kin daina yi wa wani magana, ni ce. Ki kwance kayan nan, ki je ki ci abincin mahaifiyarki.