Yakuwar Shifa

Bara'u ɗan Funtuwa ne, ɗan manomin auduga. Tun yana yaro yake jin sunan Manchester a bakin mahaifinsa, wai can ake kai audugarsu a mai da ita yadi. Da ya zo garin, da digirinsa na tattalin arziki, sai ya tarar masaƙun sun daɗe da mutuwa, wasu ma an mai da su gidajen haya. Aikin da ya samu shi ne kula da shige da ficen kaya a wani sito a Cheetham Hill, inda tufafin da aka ɗinka a ƙasashen nesa ke kwana kafin 'yan kasuwa su kwasa. Yakan ce ƙasar nan ba ta noma abin da zai ishe ta, ba ta saƙa abin da take sawa, amma kullum shagunanta cike suke.

'Yarsa Shifa ce ta kawo gurguzun yakuwa a zuwanta Funtuwa na ƙarshe, kakarta ta ƙulle mata shi a bakin tsumma. Ba a kai ga shukawa ba Shifa ta rasu, tana tsakiyar karatun jami'a. Bayan rasuwar, Bara'u ya karɓi hayar ɗan fili a lambunan hukumar gari. Burinsa ɗaya ne: yakuwar ta yi fure ta ba da iri, don kada abin da yarinyar ta riƙo da hannunta ya ƙare.

Shekarar farko ya yi yadda ya gada. Manomi yakan jira ruwan shuka, to a Manchester ruwa ba ya ɗaukewa balle a jira shi. Iskar teku ce ke turo hadari daga yamma, ya daki tuddai ya zube wa garin. Da aka samu 'yan kwanaki ba ruwa a watan Maris, sannan aka tafka mai ƙarfi, Bara'u ya ce damina ta faɗi. Ya yi huɗa, ya binne rabin irin. Ƙasar kuwa laka ce mai sanyi kamar tulu, duk ya ruɓe.

Margaret, tsohuwar da ke noman dankali a filin da ke maƙwabtaka da nasa, ta leƙo ta kan shinge ta tambaye shi da Turanci ko kabarin wa yake haƙawa da waɗannan kunyoyi. Ba ta san labarin Shifa ba. Ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Shekara ta biyu ya tsirar da irin a gwangwani a bakin taga, sai da aka shiga Yuni ya dasa. Yakuwa ta tashi har ƙugu, ganye shar. Amma fure babu. A nan rana takan kai bayan lokacin isha'in gida ba ta faɗi ba, ita kuwa yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta. Kafin yini ya gajarta, sanyi ya sauko, raɓa ta daskare, ya wayi gari ganyen ya yi baƙi.

Ya kai kukansa Sparkhill, a Birmingham, wurin abokinsa Moro, mutumin Kumasi mai shagon kayan miya.

"Sarkin noma ya iso," in ji Moro. "Ga zoɓo nan buhu guda, ɗiba ka huta. Turawan ma da jirgi ake kawo musu kuɓewa."

"Ba zoɓo nake nema ba. An ce nan ya fi Manchester ɗumi."

"Wa ya faɗa maka? Lema ɗaya muke riƙewa da ku."

Duk da haka Moro ya karɓi 'yan ƙwayoyi ya shuka a bayan shago. Dodon koɗi ya cinye su tun suna ganye biyu.

Bana abin da ya rage a tsumman bai cika tafin hannu ba. Bara'u ya shuka kaɗan, da sanyi ya matso ya tono mafi ƙarfinsu ya sa a bokiti, ya shiga tram, jirgin ƙasan cikin gari, da shi, mutane na ja da baya. A gidan da suke zaune ta fitar da 'yan ƙullin fure, ya hana kowa buɗe taga. Hasken hunturu bai ishe ta ba, ƙullin suka zube ɗaya bayan ɗaya a kan kafet.

Matarsa Zinatu ta share su, ta zauna.

"Baban Shifa," ta ce, don har yanzu haka take kiransa, "iri ma yana tsufa. In ka sake binne sauran a lakar nan, shi ke nan. Ƙanwata Su'ad za ta tafi gida wata mai zuwa. Ka ba ta irin ta kai wa ƙanenka a Funtuwa."

"A nan Shifa ta so ta ga yakuwar."

"Ni ma a nan na so ganin abubuwa da yawa."

Da yamma ta tsinke ganyen da ya rage ta zuba a fate, suka ci. Ranar tafiyar Su'ad, ƙanwar Zinatu, shi da kansa ya kai mata tsumman, ya ce a gaya wa ƙanensa kada ya yi gaggawa, ya jira ruwan shuka na gaskiya.

Filin lambun dai bai mayar ba. Margaret ta ba shi irin dankali, yana nan a leda bayan ƙofa, har ya fara tsira, bai taɓa shi ba.