Kwanukan Inna a Jirgin Ƙaura

Tun kafin a sa ni makaranta Inna, mahaifiyata, take sayar da tuwo a tashar jirgin ƙasa ta Funtua, kuma har na gama karatu na zama malamin firamare ba ta daina ba. Tuwon dawa da miyar kuka, wata rana dambu da zogale. Ita da wasu mata ne ke jere a bakin layin dogo, kowace da tukunyarta.

Jirgin da ke tasowa daga Zariya zuwa Ƙaura ba ya daɗewa a tsaye, babu wanda zai cinye malmalar tuwo kafin ya tashi. Saboda haka ta taga ake miƙa kwano, mutum ya tafi da shi ya ci a hanya. In ya gama ya tura ƙarƙashin kujera. Wani dattijo mai share taragu shi ke tattara su, washegari jirgin ya dawo da su Funtua, wani lokacin ma a wanke. Kowace mace da alamarta, ta Inna ɗigon jan fenti ne a gindin kwano. Ba takarda, ba sa hannu, kuma ban taɓa jin kwano ya ɓata ba. Fatake, 'yan auduga, Yarabawa masu goro, duk sun san wannan, har da yawa ba sa ɗaukar guzuri. Sai su ce, "Ai akwai Funtua a gaba."

Sai aka wayi gari, a farkon shekarun tamanin, wai an ba wani kamfani kwangilar ciyar da fasinja. Suka zo da samari masu fararen huluna da akwatin gilashi cike da wani burodi mai ɗan nama a ciki, ga lemon kwalba. Ni fa ban ƙi ba. Kowa ya kasa hajarsa, mai saye ya zaɓa. Ashe ba haka suka shirya ba.

Ran wata Laraba jirgi ya dawo daga Ƙaura ba kwano ko ɗaya. Inna ta aika aka kira ni daga makaranta. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Malam, kai da ka iya Turancinsu, je ka tambayo mana."

Na sami manajan kamfanin a wani tsohon tarago da ke ajiye a tasha, wanda suka mayar ɗakin sayar da abinci, wani mai tumbi yana fifita da jarida. Na yi sallama, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ya ce yaransa sun share taragu, sun zubar da tarkace bayan an wuce Gusau.

Tarkace! Kwanukan auren uwata ne a ciki, waɗanda ta sauko da su daga jeren ɗakinta ɗaya bayan ɗaya da sana'a ta buɗe. Na ce masa ai akwai mai tattarawa. Ya ce an sallami tsohon, yanzu tsabtar jirgi a hannunsu take. Daga nan ya miƙo mini wata takarda, wai tun da ni malami ne in taimaka in karanta wa matan. Daga ranar Asabar ba wanda zai sake sayar da abinci a cikin tasha sai kamfani, saboda kiyaye lafiyar fasinja.

Lafiya? Matar da ke tuƙa tuwonta da hantsi ta sayar da azahar, ita ce ƙazama, burodin da ya kwana uku yana gumi a gilashi shi ne mai tsabta? Na faɗa masa haka, na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ya yi murmushi ya ce in ina da ƙorafi in rubuta Legas.

Abin da ya fi ci mini rai, na karanta musu takardar. Ni da bakina. Na tsaya a gaban matan da suka goya ni ina fassara musu korarsu, kalma bayan kalma, kamar yaron manaja. Wata ta ce, "To Malam, mu koma ina?" Inna ta ɗaure bakin zanenta ta ɗauki tukunya.

Na rubuta Legas ɗin kuwa, har sau biyu. Ina jin da wasiƙun aka naɗe wa wani burodi.

Ran Asabar na roƙi Inna ta zauna a gida, ta ƙi. Ta ari kwanuka a maƙwabta, ta tuƙa tuwonta kamar kullum, na bi ta don kada a wulaƙanta ta. Muka tarar an ja waya an kewaye tashar, ga ɗan sanda a ƙofa. Muka tsaya a bayan waya, tsakaninmu da layin dogo kamar faɗin tsakar gida biyu.

Jirgi ya iso. Tagogi suka cika da kawuna, ana dube-dube. Wata Bayarabiya mai goro da ta saba saye a wurin Inna ta hango mu, ta ɗaga murya, "Mama mai tuwo! Kawo biyu, da yara nake!" Inna ta zuba, ta rufe, ta nufi ƙofa. Ɗan sandan ya gitta sandarsa. Ta ce, "Ɗana, ba sayarwa zan yi ba, kyauta zan ba ta." Ya kau da kai ya ce shi umarni aka ba shi. Matar tana miƙo hannu ta taga, Inna tana riƙe da kwano biyu, har jirgin ya yi kuka ya ja.

A hanyar gida ina ta surfa bala'i, ina lissafo wanda zan gani da wanda zan kai ƙara. Ita ko tana gaba da tukunya cike a kai. Sai da muka kai ƙofar gida ta juyo, na ga idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Malam, yaran nan ƙanana ne fa. Kuma Ƙaura da nisa."

Ba ta sake ɗora babbar tukunya ba har ta koma ga Allah.