Zanzaron Shagon Habu

Ranar da na je ɗaura wa Habu Mai Hoto sabon kati a Minjibir tana nan a raina kamar jiya. Ku da kuke koyon sana'ar nan kun san ni. Daga nan har Dawanau babu kwamfutar da ta taɓa gagarata, wata ma da ta ji takuna take warkewa. A lokacin ina yawan faɗa a majalisa cewa ko ido a rufe zan wargaza kwamfuta in mayar da ita, kuma Habu yana cikin masu ji.

Habu shi ke ɗaukar bidiyon biki da walima a garin. A satin nan ya ɗauki walimar saukar Alƙur'ani ta 'yar Alhaji Ɗanlami, wani babban dillalin hatsi. Kwamfutar Habu ta tsufa, in ya sa ta haɗa bidiyo sai ta yi ta nishi kamar jaki a kan tudu. Alhaji kuwa ya ce in Juma'a ta wuce bai ga aikinsa ba, daga ranar masu hoton birni zai riƙa kira, kuma inda Alhaji ya juya nan rabin garin ke bi. Sai Habu ya shiga Kano ya sayo katin hoto, wato abin da ake ƙara wa kwamfuta don ta iya ɗaukar nauyin bidiyo, ya aiko a kira ni ran Alhamis da safe.

Ƙa'idar aikin ba wuya. A kashe wuta, a buɗe akwatin kwamfutar, a zaunar da katin a gurbinsa a kan madabod, wato babban faifan da sauran kayan ciki ke zaune a kai, a ba shi wayar wutarsa. Sannan wayar monita dole ta bar tsohuwar kafarta da ke jikin madabod ta koma jikin sabon katin, domin daga nan hoto zai riƙa fitowa. Na yi na farkon duka, muka tura akwatin ƙarƙashin tebur, bayansa na jingine da bango. Maƙwabta sun cika ƙofar shago suna kallo, ni kuwa ba zan durƙusa a gabansu ina leƙe ba. Na zura hannu ta baya ina ba su labari, na lalubo kafa, na soka waya, na ce Habu ya kunna da bisimilla.

Fanka ta juya, fitilu suka kama, monita kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Na ce wutar janareta ce ba ta da ƙarfi. Aka aro na mai aski, wanda ƙararsa ke kaiwa har bayan gari. Shiru. Na ce monitan ne, aka ɗauko talabijin ɗin gidan Habu a kan babur, matarsa tana aiko da saƙon a dawo mata da abinta kafin la'asar. Shiru. Na cire ram, wato ma'ajiyar ƙwaƙwalwar kwamfutar, na goge, na cire katin na sake zaunar da shi. Kowane karo in na gama sai in mayar da akwatin wurinsa, in zura hannu in soka waya inda na saba. Bayan azahar na yanke hukunci cewa ɗan kasuwar ya sayar masa da mataccen kati. Habu ya zauna a kan benci yana tunanin ta inda zai fara yi wa Alhaji bayani.

Muna cikin haka sai ga zanzaro ya shigo yana shawagi a bayan akwatin. Habu ya kai masa duka da hula.

“Yi ta yawonka,” in ji shi. “Duka huɗun na toshe, ba ka samun gida a nan.”

Na ce, “Habu, waɗanne huɗu?”

Ashe a shagonsa duk ramin da ba a amfani da shi sai ya liƙe, don zanzaro ya taɓa gina masa gidan laka a cikin kafar firinta. Tun daren da ya sayo katin ya bi kafofinsa huɗu da baƙin salatif, ya shafe su sumul. Hannuna da ya je lalube bai sami rami ko ɗaya a jikin katin ba, sai tsohuwar kafar madabod. Na durƙusa, a gaban jama'ar da nake gudu, na ɓare salatif, na mayar da waya jikin katin. Monita ya haska tar. Har mai aski ya yi kabbara.

Habu ya gama bidiyon kafin a tafi masallacin Juma'a, Alhaji ya karɓa yana murmushi. Ni kuma abin da na riƙe, wanda nake gaya muku kullum: in allo ya ƙi kawo hoto bayan sabon kati, ku fara duba inda wayar take da idonku, ku kuma tambayi mai kaya abin da ya yi wa kayansa kafin ku zo.

Da zan tafi, Habu ya rako ni har bakin titi, ya riƙe mini jaka ina hawa babur. Ya ce, “Injiniya, mun dai ga aikin ido a rufe. Wani karon don Allah ka zo mana da shi a buɗe.”