Yaya Maƙeri da Zobban da Na Ƙi Sa wa Albarka

Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba, ina zaune a baranda babbar 'yarka ta kira ni ta waya. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta tambayi ciwon ƙafata, sa'an nan ta ce Baba ya tafi gida. Ta ce ka karya kumallo, ka sa an buɗe maka taga, ka kishingiɗa, ba ka sake tashi ba. Shekarunka tamanin da bakwai. Na ajiye wayar, na gode wa Ubangiji, domin irin tafiyar da ka yi shekaru kana roƙo ke nan, ba doguwar jinya, ba wahalar da iyali.

Jama'a sun san ka da Baba Maƙeri, mai ƙera azurfa da zinariya, dattijo a ikilisiyarmu. Ni kuwa Yaya nake kiranka, ko da yake ba mu haɗa uwa ko uba ba. Kai kuma ba ka taɓa daina kirana Ɗan Kwaleji ba, har bayan furfura ta cinye mini kai, na ajiye aikin fasto na koma gida.

Shagonka ɗan matsattse ne, tsakanin tela da mai gyaran agogo. Wanda ya shiga zai tarar da kai a kan guntun benci, zuga-zugi a hagunka, awartaki da magagari a jere bisa tsumma, ƙaramin sikeli kuma a cikin akwatin gilashi don kada iska ta taɓa shi. A gaban mai kaya kake aunawa, idan ka gama kuma ka tattara ɓurɓushin da magagari ya zubar, ka ƙunshe a takarda ka miƙa masa. Mata masu juna biyu da zobe ya maƙale musu a kumburarren yatsa, har gida kake bin su ka yanke shi a hankali, bayan haihuwa ka haɗa musu abinsu. Gwauraye nawa ka gyara wa ɗan kunne ka ce su tafi kawai, Allah ne ya sani. Sai dai kana da wata ɗabi'a da ke ƙosar da masu gaggawa: ba ka saka tsohon kaya a wuta sai ka tambayi mai shi na wane ne, me kuma yake so ya yi masa.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da aka turo ni ikilisiyarku, ban daɗe da fitowa daga makarantar tauhidi ba. A can na karanta tarihin ikilisiya, na gane cewa abubuwa da dama da muke yi sun girme mu. Romawa suna ba amarya zobe tun bishara ba ta kai musu ba. An ƙona turare, an kunna fitilu a ɗakunan gumaka tun kafin a yi haka a majami'a. Na kuma karanta cewa ranar da muke tunawa da haihuwar Almasihu ta faɗo kusa da bikin da suke yi wa rana, ɗanyen ganyen da ake ƙawata ɗaki da shi a lokacin ma yana da tsohon tarihi a ƙasashen sanyi. Sabon ilimi kamar sabuwar wuƙa yake, mai ita ko ƙafar kujera ba ya bari bai gwada ba. Lahadi uku a jere na yi wa'azi a kan wannan batu. Na sa aka kwashe kyandirori daga bagade, na hana kawo ganye, na kuma sanar cewa daga ranar ba zan ƙara sa wa zobe albarka a wurin ɗaurin aure ba.

Kai ne wanda hukuncin ya fi taɓawa, tun da rabin zobban ma'auratan ikilisiyar daga hannunka suka fito. Amma ba ka ɗaga murya a taron dattawa ba. Bayan sujada ka same ni a ofis ka roƙi aron littattafan da na karanta. Wata guda suka yi a wurinka, suka dawo da tabon gawayi a gefen kowane shafi, shaidar cewa babu wanda ka tsallake. Cikin ladabi ka nuna mini wurin da marubucin ya ce masana ba su daidaita a kan asalin ranar Kirsimeti ba, waɗansu sun danganta ta da bikin rana, waɗansu sun ce lissafi ne na Kiristocin farko. Shafin nan ni na tsallake shi. Sa'an nan ka ɗaga kai ka dubi kalandar bangona, ka tambaye ni yaushe za mu cire Janairu da Maris, tun da littafin ya ce sunayen gumakan Romawa ne. Ban yi dariya ba a ranar. Na yi shekaru ina yin ta daga baya.

Abin ya zo kai ne a kan wata tsohuwa. Mahaifinta shi ne mai yanka a matsafar garinsu, ita kuwa sai da ta haura sittin ta karɓi baftisma. Ita ta reni jikarta marainiya, yarinyar kuma aurenta ya matso. Duk abin da tsohuwar ta gada daga mahaifinta munduwa ce ɗaya ta azurfa, wadda yake sawa idan zai yi yanka. Ta kawo maka ita, ka narkar, ka fitar da zobba biyu. Da amarya da ango suka zo wurina domin gargaɗin aure, yarinyar ta nuna mini su da murna, ta ba ni tarihinsu duka, ba ta ɓoye komai ba. Na ce ko zoben kanti ba na karɓa, balle wanda aka ƙera da kayan tsafi.

Washegari tsohuwar ta zo ofis. Na ba ta kujera ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Fasto, idan wuta ba ta tsarkake munduwar babana ba, ta yaya ruwa ya tsarkake ni? Ai ni na fi munduwar kusa da shi, jininsa ne a jikina. Ka faɗa mini gaskiya tun da wuri, in san inda zan zauna."

Na ba ta amsa irin ta makaranta, ta saurara har na gama, ta juya ta tafi. Lahadin da ta biyo baya gurbinta na kusa da taga a majami'a ya kasance babu kowa. Labari ya iso mini cewa ta ce ba za ta halarci ɗaurin auren ba, ba kuwa za ta ƙara taka majami'a ba. Saura kwana shida.

Ran Litinin ka aiko a kira ni. Na tarar kana goge wani ɗan kunne, ba ka ajiye ba sai da ka gama. Sa'an nan ka jawo aljihun tebur ka ɗauko wani gicciye na azurfa, gwanin kyau, ka ɗora a tafin hannuna. Ka ce wani mai manyan motoci, ɗan ikilisiya, shi ya sa ka ƙera shi shekara biyu da suka wuce. Da ya zo karɓa sai ya faɗi abin da yake so da shi: zai rataye a gaban mota ne domin an gaya masa motar da ke ɗauke da gicciyen azurfa ba ta faɗuwa, 'yan fashi kuma ba sa ganinta. Ka mayar masa da azurfarsa daidai nauyinta, ka shawarce shi ya yi addu'a ya kuma gyara birki, gicciyen ya zauna a aljihun tebur. Ka ce ita ma tsohuwar ka yi mata tambayarka kafin ka hura wuta, ta amsa cewa ba ta so zoben ya yi wa jikarta komai, Almasihu ya ishe ta, tana so ne kawai yarinyar ta san ba daga sama suka faɗo ba, suna da uba. Ka ce ta zauna a kan bencin nan tana kallo har zanen da ke jikin munduwar ya narke ya ɓace, tana rera waƙar sujada a hankali.

Sai ka ce, "To, Ɗan Kwaleji, a cikin biyun nan wanne ne tsafi? Kai kana tambayar inda abu ya fito. Ni kuwa abin da mai shi ya dogara da shi nake tambaya. Shekara talatin ina narkar da kayan mutane, ban taɓa samun azurfar da ba ta kwana a wani gida ba kafin ta zo nan."

Da na ce na sallama nan take, da na yi maka ƙarya kana kwance. Na yi gardama har inuwa ta juya. Na ce idan aka buɗe wannan ƙofa, gobe wani zai shigo da abin da ya fi munduwa. Ka ce gaskiya ne, shi ya sa aka ba makiyayi baki da kunne, ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya. Na fita ban yi maka sallama mai kyau ba. Kwana biyu na yi ina juya maganar, maiɗakina tana kallona, sai a rana ta uku ta ajiye mini takalmana a bakin ƙofa.

Na sami tsohuwar a tsakar gida tana shanya wanki. Ta bar ni a tsaye har ta gama matse zane na ƙarshe, sa'an nan ta tambaye ni ko da kaina na zo, ko littafin ne ya aiko ni. Na ce da kaina na zo, na kuma roƙi gafararta. Na gaya mata amsar da ya kamata in ba ta tun a ofis, cewa wanda Almasihu ya wanke ya wanku, ba a kuwa ce ya manta da wanda ya haife shi ba. Ta ce ta ji. Ran Asabar ta riga kowa zuwa, ta zauna a gurbinta. Na ɗaga zobban nan biyu a gaban jama'a na sa musu albarka. Shekara tara ta ƙara a cikinmu ba ta fasa sujada ba sai don ciwo, ni kuma na yi mata jana'iza.

Kada mai karatu ya ɗauka kai mai yarda da komai ne. Lokacin da waɗansu suka fara ɗibar ruwan baftisma a kwalba suna kai wa gida a matsayin magani, kai ka fara miƙewa a taron dattawa, ka yi magana mai zafi irin wadda ban taɓa jin ka yi ba. Ni da kai ma ba mu daidaita a kan komai ba. Kyandirori sun koma bagade, amma batun ganye mun yi ta jan sa har tsufa. Kowane Disamba sai ka turo jikokinka da damin rassa, ni kuma in ce a tsayar da su a bakin ƙofa, kai kuma ka lallaɓa bayan an tashi gwajin waƙa ka ɗan matsar da su ciki. A shekarar da na yi ritaya sun kai gindin mumbari.

Akwai abu ɗaya da ya rage a wuyana. Ranar da na janye hukuncin zobe, na tsaya a mumbari na ce bayan nazari da addu'a na sake tunani. Ban ambaci sunanka ba. Kana zaune a layi na uku, ka gyaɗa kai kamar yau ka fara jin maganar, ba ka kuwa taɓa tuna mini ba, ko a cikin raha. Na horar da fastoci matasa da yawa bayan haka, na koya musu su tambayi mutum abin da ya dogara da shi kafin su yanke masa hukunci, suka tafi suna cewa hikimata ce. To, bari ikilisiya ta sani yau, su ma su sani: a shagon maƙeri na koya, a tsaye, ina gardama. Tsohuwar nan ta mutu a cikin garke ne saboda kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, abokiyar zamanka ta shekara hamsin da tara, da 'ya'yanka mata uku, da ɗanka da ya gaji bencin, da jikoki da tattaɓa kunne. Haka kuma ga dattawan ikilisiya, da maƙera abokan sana'arka, da maƙwabtanka na kowane addini waɗanda suka rufe shagunansu suka raka ka. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya cika gurbin da ya bari da salamarsa, ya ba ku haƙuri irin nasa.

Kai kuma, Yaya, Allah mai jinƙai ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin hutawarsa saboda Almasihu wanda ka dogara gare shi. Mu da muka saura, ya ba mu kyakkyawan ƙarshe, ya sada mu a ranar tashin matattu. Amin.