Kwandala Mai Gutsure

Kawuna mai gyaran agogo ne. Shagonsa bai fi tabarma biyu ba, a lungun da ke bayan tashar mota, tsakanin mai ɗinkin takalmi da mai yankan makulli. Da wayoyin hannu suka yawaita, aikin agogo ya ja baya, sai ya koma wa abin da ya daɗe yana so, wato tsofaffin kwandaloli, musamman waɗanda suka fito daga gidan buga kuɗi da kuskure a jikinsu. Akwai masu tara irinsu, kuma ba sa jin tsadarsu.

Tun ina sakandare nake biyawa ta wurinsa. Yakan manna mini gilashin gyaran agogo a ido, ya zube kwandaloli a kan farin ƙyalle, ya ce in ware masu kuskuren asali daga na jabu. Shi ya koya mini cewa wadda aka matse da wata kwandalar, rubutun da ya hau kanta a juye yake fitowa. Wadda aka jiƙa a ruwan batir ba ta kai nauyinta a ma'auni, fuskarta kuma kamar mai ƙuraje. Wadda mota ta taka, tabonta ya danne zanen ne daga baya. In na ci, ya ce na gado shi. In na faɗi, ya ce kan babana na ɗauko, ya yi ta dariya har gilashin ya faɗo.

Saboda shi na karanta ilimin ƙarafa a jami'a. Tun daga aji ɗaya ya laƙaba mini Injiniya. Ni nake ɗaukar masa hoton kaya ina sawa a intanet, kuma a ƙarƙashin kowane hoto nakan rubuta cewa na duba da kaina, da sunana da abin da na karanta.

Watan jiya gidan adana kayan tarihi suka kira ni ganawar ɗaukar aiki, suka ce kowa ya zo da abu ɗaya da zai yi bayani a kai. Na je na roƙi Kawu ya ara mini kwandala mai gutsure, irin wadda injin yanka yake cin gefenta tun kafin a buga mata zane. Ya ce in ɗauki wata mana. Na nace. Mun sayar da irinta sun fi goma, babu wadda na sani kamarta. Ya naɗe ta a takarda ya ba ni, bai kalle ni ba.

Shugabar sashen da ta gana da ni dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Ta bar ni na gama bayanina tsaf, sannan ta juya kwandalar ta ce in dubi gefen da ke fuskantar gutsuren. Na duba. Leɓen, wato ɗan tudun da ya zagaye bakin kwandala, a cike yake, lafiya lau. Ta bayyana mini cewa injin da ke tayar da leɓe yana matse ƙarfen ne ta ɓangare biyu a lokaci guda, saboda haka in gutsuren na asali ne, gefen da ke daura da shi ba ya cika. Sai ta tura mini na'urar da ke ƙara girman abu. A cikin yankan na ga layukan magagari an goge su da mai, guda ɗaya ya fi sauran zurfi. Na san layin nan. Ƙaramin magagarin Kawu yana da haƙori ɗaya a karye, na sha ganin sawunsa a bayan agogunan mutane.

Ta tambaye ni ko ni ce mai sa hannu a hotunan nan na intanet. Na ce ni ce. Ta rufe fayil ɗina a hankali, ta yi mini fatan alheri.

Ban biya gida ba, shago na wuce. Na tarar Kawu yana cin gyaɗa suna hira da mai makulli. Na ajiye kwandalar a kan ƙyallen, na sa yatsa a kan leɓen. Mai makulli ya dubi fuskata ya sulale.

"Kawu, ka san da wannan alamar?"

"Na sani."

"Shekara goma sha ɗaya kana koya mini. Me ya sa ita kaɗai ka tsallake?"

Ya share bawon gyaɗa daga cinyarsa. "Da kin sani, Injiniya, ai ba za ki sa hannu ba. Ke ba ki iya ƙarya ba. Kuma na ce ki ɗauki wata."

Ya ƙara da cewa agogo ba ya ciyar da gida yanzu, kuma masu sayen nan masu hali ne, ba su rasa komai ba. Ban tsaya jin sauran ba.

Na goge shafinmu na intanet, na rubuta wa masu saye goma sha uku ɗaya bayan ɗaya, na gaya musu gaskiya. Huɗu sun amsa, ɗaya ya ce zai kai maganar gaba. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai na duba lambar kafin in ɗauka. Mama ba ta sani ba tukuna, Kawu yayanta ne, shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu. Jiya ta ba ni agogonta da ya tsaya ta ce in kai masa. Yana cikin jakata har yanzu.